Bayani a kan Zomon da Ya Rasa Abokin Zama

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mai tafiya da mai tashi da mai jan ciki, ya ba kowane ɗaya abincinsa da maɓoyarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, dalilin wannan rubutu ƙaramin abu ne, har wani zai ce bai cancanci tawada da takarda ba. Wani maƙwabcina, ɗan kasuwa mai sayar da yadi, ya same ni a zaure bayan sallar la'asar a cikin kwanakin bazara. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi almajirai, ya yi maganar tsadar kaya, kana ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai wata tambaya, amma ina jin kunyarta." Ya ce ɗansa, yaro ɗan shekara 11, yana da zomaye biyu mata, 'yan ciki ɗaya, shekara 3 suna tare a keji guda. Ɗayar ta mutu a wani dare mai tsananin zafi, domin kejin yana ƙarƙashin rufin kwano. Ga wadda ta rage nan ta cusa kai a kusurwa, ba ta cin abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba, yaron ma ya rage cin nasa. Da ya ba abokan kasuwa labari, sai suka yi dariya, suka ce ya sa wuƙa a yi farfesu kowa ya huta. Tambayarsa ita ce: akwai laifi a kansa idan ya bar ta haka? In kuwa akwai, me zai yi mata?

Na ce masa tambayar ba ta kunya ba ce. Abin da na faɗa masa a ranar, da abin da muka ƙara sani daga baya a wurin masu kiwo da likitan dabbobi, shi ne na tara maka a nan.

Fasali. Ka sani, asalin kuskuren mutanenmu a kan wannan dabba daga suna ya ke. Muna cewa zomo, Larabawa suna cewa arnabu, duka mun haɗa halitta biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya. Akwai zomon daji, wanda maharba su ke bi da karnuka, wanda saboda shi aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan shi kaɗai ya ke harkarsa. Ba ya haƙa rami, sai dai ya lafe a gindin ciyawa, 'ya'yansa kuwa ana haihuwarsu da gashi, idanunsu a buɗe. Kaɗaici a wurinsa ba azaba ba ne, ɗabi'a ce. Akwai kuma zomon gida, wanda a ke sayarwa a kasuwa, fari ko baƙi ko mai roɗi-roɗi. Wannan ba zomon dajinmu ba ne da aka horar. Asalin kakanninsa ƙasar Andalus ne, watau Sifen da Fotigal na yau, da kudancin Faransa. A can suna haƙa ramuka masu hanyoyi da ƙofofi da yawa a ƙarƙashin ƙasa, su zauna jama'a-jama'a kamar unguwa. Ana haihuwar 'ya'yansu tsirara, idanu a rufe, bayan ciki na kwana 31 ko kusa da haka, ba su kuma buɗe ido sai sun yi kamar kwana 10. Ko ka haɗa zomon gida da na daji ba za su haihu ba, domin jinsinsu ba ɗaya ba ne. To, wanda ya ce zomon keji bai damu da kaɗaici ba don ya ga na daji shi kaɗai, ya auna shi da mudun da ba nasa ba.

Dubi zomaye biyu da suka saba da juna, ya kai ɗan'uwa, ka ga abin da ke tsakaninsu. Ɗaya yana sunkuyar da kai, ɗayan ya lashe masa goshi da gindin kunne da gefen ido, wuraren da harshensa ba ya kaiwa. Suna kwanciya jiki da jiki. Idan ɗaya ya duƙufa kan ci, sau da yawa za ka ga ɗayan kunnuwansa a tsaye, in ya ji motsin da bai yarda da shi ba sai ya buga ƙafar baya a ƙasa, kowa ya nemi maɓoya. Zomo dabba ne da kowa ke nema: shaho daga sama, mage daga katanga, maciji daga rami, kare daga ƙofa. Shi ya sa ya kan yi barci idonsa a buɗe, har muka sami abin da mu ke kira barcin zomo. Wanda ya taɓa jin labarin ayari daga bakin tsofaffin fatake ya san ma'anar wannan. A zango ana raba dare, wasu su kwanta wasu su yi gadi. Falken da dare ya riske shi shi kaɗai a daji, shi ne mai barcin kuma shi ne mai gadin, saboda haka ba ya samun ko ɗaya cikakke. Wannan shi ne halin zomanyar da 'yar'uwarta ta mutu.

A shekara ta 2008 wasu masana a Birtaniya suka buga sakamakon wani gwaji. Sun sa zomaye mata a wuri mai ƙofar da a ke turawa, suna ƙara wa ƙofar nauyi kaɗan-kaɗan, domin su ga saboda me zomo zai yarda ya wahala. Sai suka tarar nauyin da ya ke turawa don ya kai kusa da ɗan'uwansa ya yi kusan daidai da wanda ya ke turawa don ya kai ga abinci. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan awo, domin ya san darajar kaya ita ce abin da mai saye ya yarda ya biya.

Mas'ala. Mene ne haƙƙin abin da ka tsare? Ka san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwa, wanda ya zo a Buhari da Muslim. Ta kulle ta har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinta a ƙasa ba. Ka lura da kyau, ƙofa biyu aka buɗe wa matar nan: ko ta saki, ko ta ɗauki nauyin abin da sakin zai bayar. Daga nan na fahimci ƙa'idar da duk wannan rubutu ya tsaya a kanta: wanda ya rufe wa wata halitta ƙofa, ya ci bashin duk abin da ke bayan ƙofar nan. Mafi yawanmu muna lissafa abu biyu daga bashin, ci da sha, mu rufe littafi. Amma ƙofar keji ba ci da sha kaɗai ta tare wa zomo ba. Ta tare masa ƙasar da zai tona, da filin da zai yi gudu, da neman abinci wanda shi ne sana'arsa, da 'yan'uwansa.

In ka ce: ina hujjar cewa kewar dabba abin lura ce? Sai in ce: a cikin Suratul An'ami an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye jama'u ne kamar yadda mu ke jama'a. Abu Dawuda kuma ya kawo cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata ƙaramar tsuntsuwa 'yan tsakinta biyu, ta zo tana kaɗa fikafikai tana kewaye su, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Ba yunwa ta kawo tsuntsuwar nan ba, ba ƙishirwa ba. Rabuwa ce ta kawo ta, aka kuma karɓi ƙararta. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira, watau 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkami. A ciki akwai ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwo har ba a amfanuwa da ita, da gyara makwancinta, da kada a haɗa ta da abin da zai cuce ta, da a haɗa mazan da matan a lokacinsu, da kada a yanka ɗanta tana gani. Bayansa da fiye da shekara 700, a 2006, aka kafa doka a Ingila wadda ta lissafa buƙatu 5 na dabbar da ke hannun mutum, a cikinsu har da samun yin abin da ɗabi'arta ta ke yi, da zama tare da 'yan'uwanta idan irin mai zama da jama'a ce. A Suwizalan kuwa, tun 2008, doka ta hana a ajiye ɓeran Masar guda ɗaya tilo.

Ba a ɗora maka sanin abin da ke cikin zuciyar zomo ba, ya kai ɗan'uwa. An ɗora maka abin da idonka ya gani: dabba ce da jiya ta ke ci ta ke tsalle, yau ta juya wa duniya baya, kuma makullin ƙofarta yana hannunka.

In ka ce: ga almajiri nan bai sami tuwon dare ba, ga maraya, ga mai jinya, kai kuwa kana maganar kewar zomo. Sai in ce: gaskiyarka, haƙƙin ɗan Adam shi ne gaba, wanda ba ya iya ɗaukar nauyin dabba kada ya saya. Amma babu wanda ya tilasta maka ka kawo ta gida, kai ka ɗauko bashin da hannunka. Sa'an nan abin da zan lissafa maka ba ya cin kuɗin tuwon kowa, kwali ne da kara da ƙasa. Ban kuma taɓa ganin wanda ya hana dabbarsa kulawa sa'an nan ya kai wa maraya rarar ba. Tausayi ba hatsin rumbu ba ne da zai ragu don an ɗiba.

In ka ce: to me ya hana wuƙa? Sai in ce: naman zomo halal ne. Anas ɗan Maliki ya ba da labarin zomon da ya kama a Marruz Zaharani, Abu Ɗalha ya yanka, ya aika wa Manzon Allah da cinyoyinsa, ya kuwa karɓa. Ban zargi 'yan kasuwar nan a kan wuƙa ba, a kan dariya na zarge su. Mai zomo yana da ƙofa uku: ya riƙe da kyau, ko ya ba wanda zai riƙe da kyau, ko ya yanka da kyau. Ƙofar da ba ta buɗe ba ita ce ya bar dabbar tana ramewa a kusurwa, yana cewa sonta ne ya hana shi rabuwa da ita. Sakinta a daji ma ba jinƙai ba ne, domin farin zomon gida bai san dajinmu ba, dajin kuwa ya san shi. Amma zomanyar da mu ke magana ba don nama aka kiwata ta ba, abar son yaro ce. Shi wannan Anas yana da ƙane, Abu Umairu, mai ɗan tsuntsun da ya ke wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya ga yaron cikin baƙin ciki, ya tambaye shi labarin tsuntsun, bai raina abin da ya dame shi ba.

Tanbihi. Kafin ka yi maganar ɗebe kewa, dubi ciki. Cikin zomo kamar dutsen niƙa ne da ba a so ya tsaya. Ba ya iya amai, kuma idan hanjinsa ya daina motsi yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci kome ba, bai kuma yi kashi ba, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kada a ce kewa ce za ta wuce. Sau da yawa abin da a ke kira baƙin ciki ciwo ne. Ka kuma binciki abin da ya kashe na farkon. Akwai wata annobar zomaye da aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, tana kashewa farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci, ƙwayarta kuma tana daɗewa a jikin keji da kwanon abinci. In ana tsoron irin wannan, a ɗauke mushen nan take, a binne shi da zurfi, a wanke kome. In kuwa an tabbata ba cuta mai yaɗuwa ba ce, masu kiwo sun saba barin mushen tare da mai ran na 'yan sa'o'i, ya shinshina, ya ture shi, ya ga ba ya motsi, domin sun lura hakan yana rage masa neman ɗan'uwansa lungu-lungu.

Fasali a kan shagaltar da shi. Kada ka tambayi kanka abin da zai burge ka, tambayi mene ne aikin zomo. Aikinsa ci ne a hankali, da gwaguya, da tono, da ɓuya, da gudu. Kowane ɗaya ka mayar masa, ka biya wani yanki na bashin.

Fara da ci, domin shi ne mafi yawan yininsa. Zomo a sake yana shafe sa'o'i yana tsinkar ciyawa, mu kuwa muna zuba masa dusa a kwano ya cinye kafin a gama alwala, sa'an nan ya zauna sauran yini babu abin yi. Ka sa ciyawa da ingirici su zama mafi yawan abincinsa, dami kamar girman jikinsa kowace rana, ka ƙara da ɗan harawa da ganyen dankali da na zogale, dusa kuwa kaɗan. Kada ka tara masa a wuri ɗaya. Ka warwatsa, ka ɓoye ɗan ganye a cikin ingirici ya nema da hanci, ka cusa wani a wuyan fasasshen tulu ya jawo, ka rataye reshen ganyen dankali da igiya yadda sai ya miƙe a kan ƙafafun baya zai kai. Neman nan shi ne abin da a ke so, ba ƙoshin kaɗai ba. Ka kiyayi kuskuren mai tausayi, wanda ya ke lallashinsa da burodi da biskit da rake. Wannan irin lallashi yana ɓata masa ciki. Ka nisantar da shi daga tumfafiya da zurma da zaƙami da albasa, da kuma gyauron dawa wanda manoma suka san yana kashe ko da tunkiya.

Haƙoransa 28 ne, ba su kuma daina tsawo muddin yana da rai, na gaba suna ƙaruwa da kamar milimita 2 a kowane mako. Gwaguyar da ta ke ba ka haushi ita ce wasa wuƙarsa, in bai yi ba haƙoran su zarce su hana shi ci. Ba shi busasshen kara, da tsohon kwando, da guntun tabarmar kaba, da kwalin da babu leda ko ƙusa a jikinsa. Ka huda kwalin ƙofa biyu, domin dabbar da a ke farauta ba ta sakin jiki a ɗaki mai ƙofa ɗaya. Ka cika tsohon daro da ƙasa, ka binne ɗan yankin karas a ciki, ka ga yadda zai tona yana watsa ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa. Bayan 'yan kwanaki ka sauya wa kayan nan wuri, ka kawo sabo ka ɗauke tsoho, amma makwancinsa ka bar shi inda ya ke, domin wanda ya yi rashi ba a ƙara masa da ƙaura. A lokacin zafi ka ajiye randa mai ruwa a inuwa ya jingina da ita, domin zomo ba ya jure zafin da ya haura digiri 30, ta kunnuwansa kawai ya ke fitar da mafi yawan zafin jikinsa.

Lokacin kuzarinsa shi ne asuba da almuru. A waɗannan lokuta biyu ka rufe ƙofar gida, ka kori mage, ka ɗauke wayar lantarki daga ƙasa, ka buɗe keji ya fito tsakar gida kana zaune. A ƙasa za ka zauna. Kada ka ɗaga shi, domin a wurinsa abin da ya ke ɗaga zomo sama shaho ne, kada kuma ka kama shi da kunne kamar yadda a ke yi a kasuwa, kunnen zomo ba mariƙi ba ne. Ka yi shiru ya zo da kansa. In ya zo ya sunkuyar da kai, shafa masa goshi da gindin kunne, daidai inda ɗan'uwansa ya ke lasa. Na ce wa yaron nan ya riƙa kai allonsa can da asuba, ya yi karatunsa a kan tabarma kusa da ita. Bayan kwana 4 ta fara fitowa daga kusurwa. Bayan mako biyu ya zo da gudu ya ce ya ga ta yi tsalle ta murɗa jiki a sama, wannan kuwa ba ya fitowa sai daga zomon da hankalinsa ya kwanta.

Yanzu ga mas'alar da ta fi nauyi, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. In ka ce: wannan duka ba ruɗi ba ne? Ta rasa 'yar'uwa, ka ba ta kwali. Sai in ce: shagaltarwa iri biyu ce. Akwai wadda a ke yi domin mai kewa, akwai wadda a ke yi domin mai kallo. Ta farko ka san ta daga zaman makoki. Maƙwabta suna dafa wa gidan mamaci abinci, a zauna da su, a ja su da magana, bayan kwanaki mutum ya koma rumfarsa ya buɗe kaya. Babu mai hankalin da zai ce kasuwa ta maye masa gurbin wanda ya rasa. Abin da kasuwa ta yi shi ne ta riƙe masa yini kada ya rushe a kansa, ta mayar da shi ga abin da ya iya, har ƙafarsa ta tsaya. Tono da gwaguya su ne rumfar zomo. Wannan ba ruɗi ba ne, domin ba a ce masa abin da ya ɓata ya dawo ba, an dai hana rashi ɗaya ya jawo na biyu.

Ta biyun ita ce abin tsoro, tana kuma kama da ta farko kamar tagwaye. Ita ce mutum ya cika keji da kaya domin ya sayi kwanciyar hankalinsa, ya ce ai na yi mata kome. Na san wannan ciniki a wajen mutane ma. Akwai mai aiko wa gida atamfa da shinkafa daga kowace tafiya, amma bai taɓa zama ya ji yadda aka kwana ba, in an yi ƙorafi ya lissafa buhuna. Akwai mai tura ɗa karatu gari mai nisa, ya aika da kuɗin sabulu, shekara ta zagayo bai taka ya gan shi ba. Kai almajiri ka san bambancin wanda ya ba ka sadaka da wanda ya san sunanka. Alamar da za ka gane wace iri ka ke yi ita ce wannan: shagaltarwa ta gari ta san iyakarta, tana kuma neman ranar da za a wadatu daga gare ta. Ta banza kuwa tana so a ce ta isa.

Yi lissafi irin na kasuwa. Yini da dare sa'a 24 ne. Yaron nan, duk da ƙoƙarinsa, sa'a 2 ya ke iya ba ta, sauran 22 tana ita kaɗai, har da dare wanda zomo ya ke farke a cikin yawancinsa. Zomon da a ke kula da shi yana kai shekara 8 zuwa 10, wani ya wuce. Ita shekararta 3. Wane kwali ne zai yi mata gadi tana barci har shekara 5, wane hannu ne zai lashe mata ido? Saboda haka hukuncina, wanda na faɗa wa uban ba tare da kwana-kwana ba, shi ne: duk abin da ya gabata gada ce, ba gida ba. Zomo sai da zomo. Kaza ba ta isar masa, ɓeran Masar ma haka, domin harshensu ba ɗaya ba ne, zomo kuma yana iya ji masa rauni da shuri.

Yaron ne ya fara ƙi. Ya ce ba ya son wata ta shiga wurin wadda ta mutu. Na girmama wannan magana, domin amana ce a bakin ƙaramin yaro. Amma na ce masa, "Ɗana, kai ka ke riƙe amanar, ita ce ta ke biyan kuɗinta. Kai kana da uwa da uba da ƙanne da abokan karatu. Ita wa gare ta?" Uban kuma ya kawo nasa, ya ce, "Malam, ai wannan ba ta da ƙarshe. In na kawo wani, wata rana ɗaya zai riga ɗaya, in koma inda na fito." Na ce haka ne, kuma wannan lissafi tun ranar saye ya kamata a yi shi. Abin da ya rage maka shi ne ka nemi wanda shekarunsu suka yi kusa, in kuma wata rana ka ga ba za ka ci gaba ba, ka miƙa wanda ya saura ga gidan da a ke kiwonsu da kyau, ko da rabuwar za ta yi wa yaro zafi.

Haɗa baƙin zomaye kuwa ba a yin sa da gaggawa, domin suna da kishin wuri, suna kuma iya yi wa juna mummunan rauni. Maza biyu da ba a fiɗiye ba faɗa za su yi. Namiji da mace in an bar su haka, kafin shekara gidan ya cika. Abin da ya fi zama lafiya shi ne mace da namijin da likita ya fiɗiye, in an sami likitan da ya iya yi wa macen nata aikin ya fi, sa'an nan a jira kamar mako 6 bayan fiɗiyar, domin kafin nan yana iya ba da ciki. Almajiri ya san Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta yi sauƙi a fiɗiye tumaki da awaki saboda maslaha, ta kawo hani a kan dawaki, mai shakka a kan zomo sai ya tambayi malaminsa. Baƙon ana ware shi mako 2 a ga lafiyarsa. Bayan nan a jera kejin biyu da ɗan rata tsakani, su ga juna su ji ƙanshin juna ba tare da haƙori ya kai ba. Sa'an nan a haɗa su na ɗan lokaci kowace rana a wurin da ba na ɗayansu ba, mutum yana tsaye da faifai a hannu don rabawa.

Haka aka yi a gidan maƙwabcina, a cikin zaurensa. Damina ta riga ta sauka kafin a kai ga wannan. Ranar farko ta bi baƙon da gudu har gashi ya tashi. Rana ta uku suka zauna nesa da juna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana cin ciyawa. A rana ta tara ta matso ta cusa kanta ƙarƙashin haɓarsa ta tsaya. Ya daɗe kamar bai gani ba, kana ya sunkuya ya lashe mata goshi.

Bayan wata ɗaya yaron ya zo mini, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya ce yanzu in ya kai allonsa da asuba ba ta zuwa ta kwanta kusa da shi kamar da, tana can wurin ɗayan. Ya tambaye ni ko ta manta da shi ne. Na ce gobe zan zo mu gani tare. Washegari bayan sallar asuba muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe keji, ya fara karatu. Suka fito su biyu suka zaga gindin randa. Can sai ta taho ita kaɗai, ta shinshina ƙafarsa, ta goga haɓarta a gwiwarsa, ta ɗan gwaguyi bakin tabarmar, sa'an nan ta koma inda abokinta ya ke tonon ƙasa a daro.

Tammat.